Kawu a Kan Jinga

Littafina na farko ba shi da kauri, mutum zai iya gama shi tsakanin azahar da la'asar. Labarin soyayya ne irin wanda muke rubutawa a lokacin, kuma yau ko ni sai na yi tunani kafin in tuna yadda saurayin da budurwar suka ƙare. Abin da mutane suka riƙe a cikinsa shi ne wani dattijo malalaci da na saka don ya ba da dariya. Dattijon nan kawuna ne, wan mahaifiyata. Na canja masa suna, na ƙara masa tumbi, na ɗauka shi ke nan na ɓoye shi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙauyensu ya gane shi tun a shafin da ya fara fitowa, kuma daga nan har ya koma ga Allah, da sunan da na ƙirƙira ake kiransa. Ba zan rubuta sunan a nan ba, yawon da ya yi ya isa.

Ƙauyen su mahaifiyata yana bakin kogi, tsakanin Haɗeja da Auyo. Mu a cikin Haɗeja muke zaune, amma duk hutun damina can ake kai mu. Tsakanin gari da ruwa akwai jinga, wato doguwar tarin ƙasa da mutanen gari suka yi da hannunsu don ta tare ambaliya. Bayanta gonakin shinkafa ne, bayan gonakin sai gidaje. A kan jingar nan, ƙarƙashin wata giyayya, Kawu yake wuni.

Ga abin da idona ya gani tun ina yarinya. Da sassafe maza za su fita da fartanya a kafaɗa, shi kuwa ya fita da tabarma da buta. Ya shimfiɗa, ya zauna. In zaman ya ishe shi ya kwanta a kan gefensa, ya ajiye hula, ya yi shiru kamar mai barci. Yana da wata 'yar wuƙa da yake fere sanduna da ita, ya yi musu tsaga-tsaga, ya sauka ya kakkafa su a cikin taɓo a bakin ruwa, ya hau ya koma ya kwanta. Ni a ganina wasan yara ne babba yake yi. Da kaka kuma in mun je, sai in ga ana shigowa gidansa da ƙwaryar shinkafa daga gida-gida. Na san abin da ake kira sadaka, saboda haka ban tambayi kowa ba.

In aka tambayi mahaifiyata ina wanta, takan ce, “Yaya dai yana can bakin ruwa.” Ni kuma in ji ƙorafi a cikin muryarta, don na riga na yanke cewa abin ƙorafi ne.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Wannan ya ba ni bakin tsokanarsa fiye da sauran yara. In na kai masa fura nakan ce, “Kawu, wai kai ba ka gajiya da zama?”

Sai ya matsa gefe, ya bugi tabarma da tafin hannu. “Uwata, zo ki zauna ki gani.”

Ban taɓa zama ba. Akwai sauro a wurin, ga 'yan'uwana suna jirana mu je tsinkar bado. Nakan ajiye furar in ruga.

Na yi shekaru ina koyarwa a wata firamare a Haɗeja kafin in fara rubutu. Da na zo tsakiyar labarin sai na ga ya yi nauyi, kuka ya yi yawa, yana bukatar wanda zai sa mai karatu ya sarara. Ban sha wahalar nema ba. Na ɗauko Kawu da tabarmarsa da butarsa da ƙwaryar shinkafarsa na zuba a takarda. Sandunan na bar su, don ban ga abin dariya a cikinsu ba. Sai kuma na ƙara abin da bai taɓa faruwa ba: na ce wata rana ya kwanta a cikin kwale-kwale, barci ya kwashe shi, igiya ta kwance, ruwa ya yi ta tafiya da shi har wani gari, ya farka ya ga baƙin fuskoki, abin da ya fara tambaya shi ne ko an sauke tuwo. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai. A kan teburin makaranta na ƙirƙiri wannan, a lokacin hutun tara, ina cin gyaɗa.

Littafin ya karɓu. Aka karanta shi a rediyo, daga baya aka naɗi karatun ana tura wa juna a waya, har waɗanda ba su taɓa riƙe littafi ba suka san shi. Ranar kasuwar Kafin Hausa wata mai sayar da daddawa ta gane ni, ta riƙe mini hannu tana dariya har da hawaye, tana maimaita maganar tuwon. Na ji daɗi ƙwarai. Na kuma ji labarin cewa masu babur in sun bi ta kan jinga sukan ɗaga wa Kawu hannu su ce a kula da igiya. Wannan ma na ji daɗinsa, na ɗauke shi alamar rubutuna ya shiga mutane.

Babbar 'yar Kawu sa'ata ce, kuma taubashiyata, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu yi wa juna tsiya ba. Wata ranar Asabar da damina ta faɗi ta zo gidana. Na tare ta da cewa 'yan ƙauye sun shigo gari, a ɓoye kwanuka. Ba ta rama ba. Ta zauna a bakin gado, ta ƙi cire mayafi.

Ta ce, “An yi taro a kan jinga shekaranjiya. Baba ya miƙe ya ce ruwan bana zai zo da wuri, har daren ya faɗa, ya ce a je a ƙara ƙasa ta yamma. Wani yaro ya kira shi da sunan nan naki, ya ce ko a mafarki ya gani. Aka yi dariya. Ya koma ya zauna. Tun ranar in an idar da sallah sai ya ɗauki takalmansa ya fito, ba ya faɗin komai.”

Na ce, “A da me yake faɗi?”

Ta dube ni ta daɗe. “Ke da gaske kike?”

Da gaske nake. Ita ta zauna ta yi mini bayanin kawuna, ina da 'ya'ya uku a lokacin. Sandunan nan awon ruwa ne. Kowace tsaga da abin da take nufi. Yana kwanciya ne don idonsa ya yi daidai da fuskar ruwa ya ga inda ya kai a jikin sanda, safe da rana da yamma. Yana duba launin ruwan da irin ciyawar da yake ɗaukowa, daga nan ya san ko an yi ruwa a sama, ko an saki na madatsa, da kwana nawa zai yi kafin ya iso. Yana bin jinga yana neman ramin gafiya. Bayan sallar asuba da ta magariba dattawa sukan tsaya a masallaci, ya gaya musu yau a buɗe wa gonaki ruwa, ko a toshe, ko a fara kwashe abin da ke ƙasa-ƙasa. Shinkafar da ake kai masa da kaka hakkinsa ce. Mahaifinsa ma aikin da ya yi ke nan.

Ni mace ce, kuma baƙuwar hutu. Ban taɓa shiga masallacin nan ba. Rabin aikin da ake yi a fili na gani, rabin da ake yi da baki a cikin maza ban san da shi ba.

Da yamma na je wurin mahaifiyata na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, “In gaya miki me? Abin da kowa ya sani?” Na ce to me ya sa da littafin ya fito ba ta ce komai ba. Ta ce ita ta ɗauka wasa nake yi da kawuna, kamar yadda na saba. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Gaskiya ba kowa ne ya sani ba, a lokacin. Dattawan da suka taso da aikin sun fara ƙarewa. Samarin da suka karɓi gonaki suna jin labarin ruwa a rediyo, ko su kira wani ɗan'uwa da ke sama a waya. Sun taso suna ganin tsoho a kwance ƙarƙashin giyayya, kamar yadda na gani, ba su dai da sunan da za su kira abin. Ni na ba su.

Da a littafi ne, da na sa jinga ta fashe ta yamma a daren da ya faɗa, gari ya cika da ruwa, samari su zo su durƙusa gabansa. Ba haka aka yi ba. Ruwan ya zo da wuri, amma ya yi jinkirin kwana biyu a kan abin da ya ce. Ya tsallake ta yamma ya ci gonaki kaɗan, masu su suka ce ƙaddara ce, kuma ƙaddarar ce. Ba wanda ya tuna an yi taro.

Bayan sati biyu na hau babur na tafi ƙauyen. Na same shi inda na san zan same shi. Ya tsufa, wuyansa ya yi siriri, tumbin da na ba shi a littafi ko alamarsa babu. Na gaishe shi, ya amsa, ya bugi tabarma. A wannan karon na zauna.

Sauron yana nan yadda na bar shi. Ciyawar kachalla ta cinye rabin kogin, ruwan yana bin wata 'yar hanya a tsakiya. Wani mai kwale-kwale ya wuce da buhuna, ya ɗaga murya ya kira sunan. Kawu ya ɗaga masa hannu. Wannan ɗaga hannun ya fi komai yi mini ciwo a ranar.

Na ce, “Kawu, an karanta maka littafin?”

“An karanta mini. Sau biyu ma.” Ya yi murmushi. “Wurin tuwon nan na yi dariya. Mutumin naki akwai ci.”

“Na zo ne in ba ka haƙuri.”

“Ke da kike uwata, ni ne zan yafe miki? To na yafe.” Ya ɗauki wata sanda a gefensa yana gogewa da babban yatsa. “Abu ɗaya ne dai. Kin ce igiya ta kwance. Ni tun da nake ban taɓa ɗaure jirgi ya kwance ba. Tambayi kowa.”

Na ce na sani.

“Sannan mutumin naki ba shi da sanda. Kwance kawai yake. In za ki sake rubutawa, Uwata, ki sa masa sandunan.”

Ya miƙo mini wadda ke hannunsa. Tsaga bakwai ne a jikinta, ba daidai suke da juna ba, wasu kusa-kusa wasu nesa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaya mini: in ruwa ya kai nan, kaza, in ya kai nan kafin rana ta yi tsaka, kaza, in ya kwana a nan bai motsa ba, kaza. Na fito da biro ina rubutawa a bayan wata takardar jarrabawa. Ina jin sa, amma rabin hankalina yana kan yadda zan tsara wurin a labari, da irin kalmar da zan sa wa hasken da ke kan ruwan. Wannan halin nawa ne, ban kuma rabu da shi ba har yau.

Na cika alkawari. Na rubuta wani littafin, na sa dattijo mai awon ruwa, da sandunansa da masallacinsa da hakkinsa na shinkafa, ban ƙara ko ɗigo a kan gaskiya ba. Mai shagon da ke sayar da littattafaina ya karanta ya ce yana da kyau, amma ina abin dariyar? Waɗanda suka saya kaɗan ne. A cikinsu wata malama abokiyar aikina ta ce mini, “Kin kyauta da kika wanke kawunki, amma na farkon ya fi kama da gaske. Wannan kamar ƙirƙira.” Ban yi mata musu ba. Na farkon ya fi daɗin karatu, ni ma na san haka. Sauran kwafen suna cikin kwali a ƙarƙashin gadona, takardar jarrabawar nan kuwa ban san inda ta shiga ba.

An karanta wa Kawu na biyun. Taubashiyata ta ce ya saurara har ƙarshe, ya ce tsaga ta huɗu da ta biyar na juya su, amma ba komai.

Ya ƙara shekara huɗu. Bai daina zuwa jinga ba, bai kuma koma yin magana a masallaci ba, sai in wani dattijo ya bi shi waje ya tambaya. Ƙwaryar shinkafa ta ragu, waɗanda suka ci gaba da kawowa kuma da sunan sadaka suke kawowa. Ya rasu da rani, lokacin da kogi ya janye ana noman kayan lambu a inda ruwa yake.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida da hantsi, mata cike. An gama kuka, an shiga lokacin da ake tuna mamaci ana ɗan murmushi. Wata ta ce mutum ne mai haƙuri. Wata ta ce bai taɓa faɗa da kowa ba. Sai wata tsohuwa daga maƙwabta ta ce, “Allah sarki, kun tuna ranar da ruwa ya tafi da shi yana barci?” Aka yi dariya a hankali, irin ta gidan makoki. Wata ta ƙarasa mata da maganar tuwo.

Na ce, “Inna, wannan bai faru ba. Ni na ƙirƙira shi. A makaranta na rubuta, a kan tebur.”

Aka dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya faɗi abin da bai dace da wuri ba.

A daidai lokacin wani tsoho yana tsaye a bakin zaure, ya shigo yi wa mata gaisuwa. Aminin Kawu ne tun suna samari, yana cikin waɗanda suka yi shekara da shekaru suna tsayawa bayan sallah su ji abin da zai ce a kan ruwa. In akwai wanda zai tsaya mini, shi ne. Na juya wurinsa na ce, “Baba, kai ka san shi. Gaya musu.”

Ya gyara riƙon sandarsa. “Ya faru mana, 'yar nan. Ke kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Ai da ni aka je aka dawo da shi. Wata farar hula ce a kansa.”

Na dube shi da kyau. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma tsokana ba ce. Tunawa yake yi, idonsa har ya kawo ruwa. Farar hular ni na sa ta, a shafin da kwale-kwalen ya tashi. Abin da ban gaya wa kowa ba a wurin shi ne, yana faɗi ni ma na ga abin a raina sarai, da hular da igiyar tana jan ruwa, fiye da yadda nake iya ganin ranar da na zauna kusa da shi a kan tabarma.

Tsohon ya yi addu'a, aka shafa, ya fita.

Da la'asar mutane suka ragu. Na zaga bayan ɗaki inda aka kafa murhu don dafa abincin baƙi, na tarar da taubashiyata a tsugune gaban tarin itace tana tsince wasu abubuwa. Sandunan Kawu ne. Masu girki sun kwaso su daga ɗakinsa sun haɗa da makamashi, wasu sun riga sun shiga wuta. Ta tsira da guda biyar.

Ta miƙe, ta zaɓi ɗaya ta miƙo mini. Ba fushi a fuskarta. Ta ce, “Ke ce mai karatu a cikinmu, kuma ke ya zaunar ya koya wa. Ni ban taɓa tambayarsa ba, na ɗauka yana nan. Damina saura wata uku. Wacce tsaga ce ta buɗe wa gonaki, wacce ce ta kwashe kaya?”

Na karɓa. Tsaga bakwai, wasu kusa-kusa wasu nesa, gefensu ya yi santsi saboda yatsansa. Na juya sandar sama, na juya ta ƙasa, don ban ma tabbatar da wane kai ne ake kafawa a taɓo ba. Na tuna ya ce na juya ta huɗu da ta biyar, amma ban tuna daga wane gefe ake fara ƙirga su ba. Ta tsaya tana jira.

Na ce, “Ban sani ba.”

Ta karɓi sandar daga hannuna, ta haɗa da sauran huɗun, ta naɗe su a gefen zaninta ta shiga ɗaki.